Rayuwar Malama Almakashi da Guntayen Tef na Ɗaki na Huɗu

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya, wadda abokan aikinta da ɗalibanta suka fi sani da laƙabin Malama Almakashi, ranar Talata 14 ga watan Maris na shekarar 1961, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo, a gida na uku daga tashar jirgi. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne, mai buga saƙon tangaraho, mutum mai kamun kai da ƙarancin magana, wanda shekaru talatin na aiki suka tabbatar masa cewa duk zancen da ya wuce layi biyu akwai ɓarna a cikinsa. Mahaifiyarta kuwa, wadda kowa yake kira Inna, tela ce mai keken ɗinki a ɗakin gaba, kuma Allah ya hore mata baki. Idan aka tambaye ta yadda ta kwana, sai ta biyo ta kan mafarkinta da ciwon gwiwarta da halin kajin maƙwabta kafin ta ce lafiya lau.

Asalin Inna wani ƙauye ne na bayan dutse, wanda mutanensa suke da yarensu na daban. Sun tashi daga can tun tana budurwa, suka warwatsu, kuma a duk garin babu mai jin wannan yare sai ita kaɗai. Duk yawan surutunta, abu ɗaya ne bakinta bai taɓa taɓawa ba, wato yadda aka yi suka bar ƙauyen da abin da ya raba ta da danginta. Har yau babu wanda ya san wannan labari, kuma dalilin rashin saninsa yana cikin tarihin da ake bayarwa a nan.

Marigayiya ita ce ta fari a cikin 'ya'ya biyu. Ƙanenta ya biyo ta da shekaru huɗu, ya ɗauko bakin uwarsa, daga baya ya zama direban jirgin ƙasa. Ita kuma ta ɗauko halin ubanta ba ta rage komai ba, shi ya sa Inna take kiranta 'Yar Baba har ƙarshen rayuwarta.

Karatun Farko

An sa ta a makarantar firamare a shekarar 1967. Idan aka tashi, maimakon ta wuce gida sai ta zarce gidan waya, ta zauna a kan benci tana kallon mahaifinta yana karɓar saƙon mutane, yana bin sa da fensir yana soke gaisuwa da ban haƙuri da maimaici, har takarda guda ta koma kalmomi bakwai. Wannan aiki ya burge ta matuƙa, ta ɗauka shi ne ƙarshen hikima.

A shekarar 1973 ta shiga sakandaren 'yan mata, inda ta yi fice a lissafi da Faransanci. Shugabar makarantar ta kira ta ofis ta shawarce ta da ta zaɓi ɗaya, domin a fahimtarta ƙwaƙwalwa ɗaya ba ta ɗaukar lambobi da harsuna a lokaci guda. Ta saurari nasihar cikin ladabi, ta yi godiya, ta ci gaba da karatun duka biyun. Ta kammala a shekarar 1978, ta koyar a firamare na tsawon shekaru biyu.

Jami'a

Ta shiga jami'a a shekarar 1980, a sashen harsunan waje, inda ta karanci Faransanci da Jamusanci. A shekararta ta biyu ta nemi izinin ɗaukar darasin rubuta manhajar kwamfuta a sashen lissafi, abin da babu ɗalibin harshe da ya taɓa nema, har magatakarda ya rasa a kan wace takarda zai sa hannu. Kwamfutar jami'ar a lokacin ta cika ɗaki guda, kuma ba a yi mata magana sai ta hanyar katunan da ake hudawa. Aka saba ganinta tana tsallaka harabar jami'a da ƙamus ɗin Jamusanci a hannu ɗaya, kwalin takalmi cike da katuna a ɗayan. 'Yan sashen harsuna suna ce mata 'yar injin, 'yan lissafi suna ce mata mai yaren waje, ita kuwa ko a jikinta.

Kuskuren huda ɗaya ya isa injin ya dawo mata da ɗaurin katuna ɗari uku washegari ba tare da wani bayani ba. A nan ta samu abin da ya ƙara ƙarfafa tarbiyyar gidan waya: injin ba ya son gaisuwa, ba ya son kewaye-kewaye, abin da aka nufa kawai yake karɓa. Kundin digirinta na farko manhaja ce da take bin shafukan jaridun Jamusanci tana tsamo aikatau tana jera su gida-gida. Ta kammala da daraja ta ɗaya a shekarar 1984, jami'ar ta riƙe ta a matsayin mataimakiyar malama.

A daidai wannan lokaci wani farfesa ya dawo daga ƙasar waje da sabon fanni, wato nazarin harshe ta hanyar kwamfuta, wanda manufarsa a koya wa injin ya gane maganar ɗan Adam, ya rarrabe ta, wata rana ma ya furta ta. Ya nemi ɗalibin da ya san harsuna kuma ya san injin, ya duba jami'ar kaf bai samu kowa ba sai ita.

Aikin Ɗaki na Huɗu

A shekarar 1986 Farfesa ya buƙaci a gwada injin da harshen da ba a taɓa rubutawa ba. Ita ce ta kawo shawarar yaren mahaifiyarta. Aka ɗauko Inna a jirgin ƙasa, ta zauna makonni shida a ɗakin 'yarta, kullum da hantsi a kai ta Ɗaki na Huɗu, wani ɗan ƙaramin ɗaki marar taga wanda aka lulluɓe bangonsa da soso. Teburi ɗaya ne a ciki, da kujeru biyu, da makirufo, da na'urar ɗaukar murya mai naɗin tef. Mai kula da na'urorin wani mutum ne da ake yi wa laƙabi da Malam Ajiye, saboda ba ya zubar da komai: ƙusa lanƙwasasshiya, mataccen ƙwan fitila, guntuwar waya, duk suna da gwangwaninsu a shagonsa da ke ƙarƙashin matattakala.

Tsarin aikin shi ne a karanta wa Inna kalma a harshen gari, ita kuma ta faɗe ta a yarenta sau uku, a wuce ta gaba, har kalmomi dubu biyu da ɗari huɗu. Da yamma marigayiya takan shimfiɗa tef ɗin a kan katako, ta bi shi da reza, ta yanke kowace kalma ita kaɗai, ta liƙa ta jikin 'yar'uwarta da salatif. A ƙa'idar sana'ar a wancan zamani, duk abin da ba kalmar da ake nema ba sunansa hayaniya: tari, dariya, numfashi, ƙarar kujera, da duk wani zance da ya shigo tsakani. Wannan duka yakan tafi kwandon shara. Tef bai wadata ba a sashen, saboda haka ba a yi kwafi ba, asalin ne ake yankawa.

Sai dai Inna ba a yi ta don faɗar kalma ɗaya ta yi shiru ba. Kuma kalmomin da ta yi shekaru talatin ba ta furta ba suka fara taso mata da abin da ta binne. Ranar da aka zo kan kalmar rijiya, ta faɗe ta sau ɗaya, ta ce, “Wannan rijiyar fa ita ce mafarin komai. Ranar da za mu tashi, kakarki ta ce…”

“Inna, kalmar kawai. Sau uku.”

“Ke 'Yar Baba, ba kya so ki ji abin da ya faru?”

“Tef yana tafiya, Inna. Ma yi wannan daga baya.”

Malam Ajiye, wanda yake gefe riƙe da maɓallin na'ura, ya ce, “Malama, da kin bar ta ta ƙarasa mana.” Ta amsa masa da cewa jerin yau kalmomi tamanin ne, kuma an yi goma sha ɗaya. Sau biyar Inna ta ɗauko labarin a cikin makonni shidan nan, a kan kalmomi daban-daban, sau biyar ana mayar da ita kan layi. Da yamma kuwa 'yar tana Ɗaki na Huɗu a kan katako da reza, uwar tana gida tana gyangyaɗi don gajiya.

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Farfesa ya ce bai taɓa ganin tef mai tsabta irin wannan ba, ya riƙa nuna shi ga baƙi. Ta samu digiri na biyu a shekarar 1987.

Aure da Ƙarin Karatu

A watan Disamba na shekarar 1987 ta auri wani safiyo mai auna filaye, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda yakan ce wasiƙun da ta rubuto masa kafin aure duka ba su cika shafi ɗaya ba, har ya ɗauka sammaci ne. Allah ya ba su ɗansu na fari a shekarar 1988. A shekarar 1989 ta samu gurbin karatun digiri na uku a ƙasar waje, suka tafi tare da maigidan da yaron, inda ta ƙara da harshen Rashanci saboda yawancin littattafan da take buƙata da shi aka rubuta su. A can ta yi haihuwa ta biyu, 'ya mace, a shekarar 1990. Duk wata takan rubuto wa Inna wasiƙa, ƙanenta ya karanta mata, kuma a ƙasan kusan kowacce akwai alkawarin cewa idan ta dawo za su zauna.

Rasuwar Inna

Inna ta rasu a watan Agusta na shekarar 1991, bayan jinyar kwana tara, saura watanni huɗu 'yarta ta kammala. Saƙon ya iso ta tangaraho, kalmomi shida, kuma mijin Inna ne, wato mahaifinta, ya buga shi da hannunsa.

Da ta dawo a farkon shekarar 1992, ƙanenta ya roƙe ta ta kunna masa muryar Inna, tunda ya san an yi makonni shida ana ɗaukarta. Ta kai shi Ɗaki na Huɗu ta ɗora naɗin farko. Muryar ta fito tangaran, tana faɗin kalma sau uku, shiru, wata kalmar sau uku, shiru, a jere bisa tsarin haruffa, da yaren da babu ɗayansu mai jin sa. Ya saurara na minti goma, sannan ya ce, “Yaya, ina wurin da take magana?” Ta ce ai maganar ke nan. Ya ce, “A'a, ina nufin wurin da take magana.”

A lokacin ne ta gane abin da ta yi. Tana da muryar mahaifiyarta har awa tara a jere a kan kantar ajiya, amma babu jimla ɗaya a ciki, babu dariya ɗaya, babu wurin da aka kira sunan kowa. Matar da ba ta taɓa yin shiru ba a rayuwarta, 'yarta ta mayar da ita ƙamus. Wannan abu ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma bai daina ba, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba sai maigidanta.

Shekarun Aiki

Ta zama babbar malama a shekarar 1996, shekara biyu bayan haihuwar autarta, ta zama farfesa a shekarar 2004, ta shugabanci sashen nazarin harshe da kwamfuta har karo biyu. Ita ce ta tsara manhajar karatun da ta wajabta wa kowane ɗalibin sashen ya koyi harsunan waje biyu tare da rubuta manhajar kwamfuta, ba ta karɓar uzurin cewa kai ɗaya ba ya ɗauka. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Almakashi, domin babi mai shafi arba'in yakan shiga ofishinta ya fito da goma sha biyu, kuma abin haushin shi ne ya fi kyau a hakan.

Amma a ɗakin ɗaukar murya dokarta akasin haka ce. Ta rubuta ta da hannunta ta manna a ƙofa: ba a kashe na'ura sai mai magana ya tashi, ba a katse tsoho, ba a goge asali. Ɗaliban da suka yi ƙorafin cewa wata tsohuwa ta cinye musu yini guda tana ba da labarin akuyarta, takan ce musu, “Ku bar ta. Kalmar ba za ta gudu ba.” Suna mamakin yadda mai yanke rubutu haka take tsoron yanke magana, ba ta kuma taɓa yi musu bayani ba.

A shekarar 2009 ita da ɗalibanta suka yi nasarar haɗa manhajar da take harhaɗa sautukan tef ɗin Inna ta furta duk jimlar da aka rubuta mata. Aikin ya samu yabo a tarukan masana. Ta gayyato ƙanenta ya saurara. Ya ji jimla uku, ya ɗauki hularsa ya ce, “Muryar kam tata ce, amma Inna ba ta taɓa zuwa ƙarshen zance da wuri haka ba.” Ba ta sake kunna manhajar don kanta ba.

Kwalayen Malam Ajiye

Malam Ajiye ya yi ritaya a shekarar 2003, ya rasu a shekarar 2017. Bayan watanni biyu matarsa ta aiko wa sashen da motar kaya cike da tarkacen da ya bari, ta ce ta haƙura da su shekaru arba'in, yanzu kuma tana son ɗakinta. Ana cikin ware abin zubarwa aka ga kwalaye uku, an rubuta a jikinsu da alli: Ɗaki na Huɗu, 1986, shara. Ashe kullum da yamma, idan Malama ta tafi, yakan juye kwandon a kwali maimakon bola, bisa dalilinsa na kullum cewa wata rana za a nema.

Guntaye ne fiye da dubu goma sha ɗaya, wasu tsawon yatsa, wasu tsawon kamu, a cakuɗe babu lamba babu tsari. Ta yi ritaya a shekarar 2019, ta kwashe kwalayen zuwa gida, ta mayar da ɗakin autarta wurin aiki. Kowane guntu sai ta miƙe shi da yatsa, ta liƙa masa jelar tef marar komai don na'ura ta kama shi, ta juye shi a kwamfuta, ta ba shi lamba. Sannan ta rubuta manhaja ta ƙarshe a rayuwarta, wadda take sauraren ƙugin wutar lantarki da ke ƙarƙashin kowace murya, wanda yake ɗan hawa da sauka daga minti zuwa minti, ta yi amfani da shi ta gano wane guntu ne maƙwabcin wane. Maigidanta yakan leƙo ya ce ubanta ya yi shekaru talatin yana soke magana, ita ga ta tana biyan ramuwa.

Aikin ya ci shekaru uku da rabi, idonta na dama ya raunana a cikinsa. Zafi da danshi sun cinye fiye da rabin guntayen. Abin da ya dawo a jere minti arba'in da bakwai ne. A ciki akwai tarin Inna, da dariyarta, da ƙorafin cewa kujerar ta yi mata tsawo, da tambayar da ta yi wa Malam Ajiye ko matarsa ta sauka. Akwai kuma mafarin labarin ƙauyen har sau biyar, kowanne bai wuce jimla biyu ba, kuma a ƙarshen kowanne ana jin muryar wata budurwa mai shekaru ashirin da biyar tana cewa, “Inna, kalmar kawai.”

Ta tara 'ya'yanta da ƙanenta a watan Afrilu na shekarar 2023 ta kunna musu. Ƙanen ya yi kuka, ya yi dariya, ya ce yanzu ne ya ji uwarsa. Babban ɗanta, wanda ya ga yadda fuskarta take sauyawa duk lokacin da muryar budurwar ta shigo, ya ce, “Mama, wannan wurin ai cire shi ba wuya, minti biyu na gama.” Ta ce, “Bar shi. A nan aka yi kuskuren.”

Rasuwa

Ta fara jinya a watan Satumba na wannan shekara, ta kwanta a asibiti na makonni uku, aka sallame ta ta koma gida. Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis 9 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, da misalin ƙarfe goma na safe, tana da shekaru sittin da biyu. An yi jana'izarta da yammacin ranar, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan gidajen ma'aikatan jami'a, a gaban ɗimbin abokan aiki da ɗaliban da suka ci almakashinta suka kuma amfana.

Ta rasu ta bar mijinta, da ƙanenta, da 'ya'ya uku: babban, injiniyan sadarwa, ta tsakiya, tafinta a kotu, da auta, likitar kunne. Ta bar jikoki biyar, da littattafai huɗu, da ɗalibai goma sha tara da suka yi digiri na uku a hannunta. Wasiyyarta layi biyu ce, kamar yadda duk wanda ya san ta zai yi tsammani: littattafanta a ba sashen, tef ɗin minti arba'in da bakwai a ba kowane ɗa kwafi, kada a rage komai a cikinsa.

Guntu na ƙarshe a tef ɗin daga ranar ƙarshe ta makonni shidan yake. Ana jin an ja kujera, ana jin Inna tana neman takalminta, sannan ta ce, “To, 'Yar Baba, idan kin gama aikin naki ki zo in ba ki labarin.” Daga nan sai ƙarar maɓalli. Allah ya jiƙansu duka biyun.